Motar haɗi a Birtaniya: san lambar da za ka samu kafin ka sayi kaya

A Birtaniya akwai masu sayen mota a warwatse, shasi daban, bodi daban, notina a cikin leda, su yi shekara ɗaya ko biyu suna ɗaurawa a garejin gida. Caterham, kamfanin da ya sayi haƙƙin ƙera motar Lotus Seven a 1973, shi ne ya fi suna, sai irin su Westfield da GBS. Sabon shiga yakan fara da tambayar ƙarfin inji. Da za a ji tawa, a fara da tambayar irin lambar da hukumar DVLA mai rajistar motoci za ta ba motar, domin kayan da ka saya yau su za su yanke wannan hukunci.

Mafi sauƙin takardu shi ne ka sayi komai sabo fil daga kamfani. Da rasit ɗinka a hannu, za a ba ka lambar shekarar da ake ciki, tamkar motar da aka ciro daga shago, kuma ba ruwanka da MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, sai ta cika shekara 3. An yi sassauci ɗaya: babban ɓangare guda, kamar inji ko giyabos, zai iya zama tsoho da aka sabunta shi ya koma kamar sabo, muddin akwai shaidar aikin a rubuce. Shasi ba ya cikin wannan sassauci. Aibin hanyar dai kuɗi ne.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa tsohuwar mota yake saye ya yanka, ya ɗora kayanta a kan sabon shasi. Da Ford Sierra ake yi, yanzu ta yi wuya, an koma kan Mazda MX-5, har akwai motar haɗi irin MEV Exocet da aka tsara ta musamman don kayan Mazdar. A nan lamba mai nuna shekarun motar da ka yanka za ka samu, bisa sharaɗin ka nuna rasit ɗin sabon shasi, da takardar mallakar tsohuwar motar wato V5C, da manyan ɓangarori aƙalla biyu da suka fito daga jikinta: inji, giyabos, sitiyari, aksul, ko kayan ƙafa na gaba da baya. Kafin ka biya mai Mazdar, buɗe bonet ka goge maiƙon da ke jikin inji, ka gwada lambarsa da wadda ke cikin V5C. Mota mai shekara ashirin ba mamaki an taɓa canja mata inji ba a sanar ba. Ni a ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin mutane, in dai mota ɗaya aka yanka. Tsintar inji a wannan bola, giyabos a waccan, arha ce da ke kai mutum ga hanya ta uku.

Ta ukun ita ce lamba mai farawa da Q, wadda ake ba motar da ba a tabbatar da shekarunta ko asalinta ba. Halal ce a kan titi, sai dai ba a sa mata lambar gayu ta musamman, kuma ranar sayarwa masu saye sukan kafa hujja da ita su karya farashi. Wanda ya sayi aikin da wani ya fara ya gaji, ba rasit ba hoto, galibi nan yake ƙarewa.

Sabon shasi, ko ta wace hanya ka biyo, sai ya je gwajin IVA, wato gwajin amincewa da mota kafin a yi mata rajista, na hukumar DVSA mai gwajin motoci, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009. Kuɗinsa fam 450 ga motar da mutum ya haɗa da hannunsa, maimaici fam 90, kuma faɗuwa a zuwan farko ba abin kunya ba ne. Mai gwajin zai bi jikin motar da wata ƙwallo mai faɗin milimita 100, duk bakin ƙarfen da ta taɓa dole ya zama a dadashe, lanƙwasarsa ba ta gaza milimita 2.5 ba. Kan noti ɗaya da ya fito fili ba murfi ya isa ya mayar da kai gida. Ƙarar salansa kada ta wuce desibel 99. Hayaƙi kuma da shekarun inji ake auna shi, saboda haka injin da ya girmi Agustan 1995 ya fi samun sauƙi, in kana da takardar da ta tabbatar da shekarunsa.

Bayan an ci gwaji sai a haɗa takardar IVA, da fom na V627/1 mai bayyana inda kowane babban ɓangare ya fito, da fom ɗin neman rajista V55/4 ko V55/5, da rasitai, da hotunan aiki, da fam 55 na rajistar farko, da kuɗin harajin hanya, a aika ofishin DVLA da ke garin Swansea. Hotunan nan tun ranar da shasi ya iso ake fara ɗaukarsu, kuma ya kyautu ka fito a wasunsu da sifana a hannu, don su ne shaidar cewa kai ka ɗaura motar.