Maganin haihuwa na maza: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin karkara a Jigawa, kuma babu abin da ke sosa mini rai kamar magidancin da ya sayar da buhun riɗi ya zuba kuɗin a "maganin maza", alhali haihuwa yake nema. Ƙarfin mazakuta daban, haihuwa daban. Mutum na iya biya wa iyalinsa buƙata sarai, amma ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa su yi kaɗan ko su kasa motsi.

Kwalaben da ake talla da lasifika ranar kasuwa, ko a Gujungu ko a Wudil, su suka fi araha da sauƙin samu. Sai dai ba ka san abin da aka zuba ciki ba, da yawansu ko lambar NAFDAC babu. Ƙwayar sildenafil kuwa, wadda aka fi sani da Viagra, aikinta miƙewar gaba ne kawai, ba ta ƙara maniyyi. Mai shan maganin ciwon zuciya irin su isosorbide kada ya kusance ta, don jininsa na iya faɗuwa warwas.

Wanda na fi jin tsoro shi ne allurar testosterone. Sunanta na ruɗin mutane, tunda sinadarin maza ne. Amma da zarar ya shigo jiki daga waje, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ya wadata, ta daina aika saƙo ga 'ya'yan maraina, su kuma su rage ƙera ƙwayoyin haihuwa, wani lokaci su tsaya cak. Ka biya kuɗi ke nan an ƙara maka matsala, kuma dawowarsu kan ɗauki watanni. Don Allah, Malam, kada ka yarda a yi maka ita a kemis.

Clomiphene akasin haka take yi: tana zaburar da ƙwaƙwalwa ta ƙara aika saƙon. Asalinta maganin mata ce, likita ne ke rubuta wa wasu mazan bayan gwajin jini, kuma in gani ya fara dishi-dishi a dakata a koma wurinsa. Allurar hCG ta fi tsada, ana yin ta sau biyu ko uku a mako na tsawon watanni, kuma wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta fitar da isasshen sinadari ita take wa amfani. Ƙwayoyin bitamin da zinc ba su cika cutarwa ba, amma kada ka jingina da su.

Ni dai da kuɗin aljihuna ne, gwajin maniyyi zan fara saya. In an shekara ana tare babu ciki, ku je ku biyu, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa ƙwayoyin haihuwa miliyan 16 a kowace mililita ɗaya ta maniyyi a matsayin iyakar ƙasa. Wani sa'in abin da ya jawo matsalar kumburin jijiyoyin maraina ne, wanda tiyata ke gyarawa, ko tsohon ciwon sanyi da ya toshe hanya.

Ka faɗa wa likita in ka taɓa yin hangum bayan ka balaga, ko tsargiya, ko kana shan tramadol don aikin gona. Kowane magani aka ba ka, ƙwayar haihuwa na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, don haka sai bayan wata uku za a sake gwaji.