Masaukin 'yan Arewa a Umuahia: ɗaki da sauƙi, amma yawon da Baba ke kai mutum shi ne kuɗin

Jama'a da yawa cikin masu ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari ta Alhamis zuwa Gabas suna tambayata game da masaukin nan da nake sauka a Umuahia ta jihar Abiya, shin ya kamata a je ko dai a tsaya kasuwar shanu ta Lokpanta a sauke a juyo kamar yadda aka saba. To ga abin da na gani, sunan wajen dai ba zan sa ba, wanda zai je ya same ni a kasuwa na kwatanta masa.

Ɗakunan ba wani abin a zo a gani ba ne gaskiya. Katifa, fanka, banɗaki a waje, ruwan rijiyar burtsatse ba ya yankewa, akwai ɗan masallaci a tsakar gida, kuɗin kwana kuma bai kai rabin na otal ɗin cikin gari ba. Wuta sai sun tada janareto, shi ma daga magariba zuwa wajen sha ɗaya na dare, in ba ka yi cajin waya a lokacin ba ka shiga uku. Abin da ya fi damuna shi ne danshi. Bango na gumi, katifa na warin ruma, ka wanke riga ka shanya ta kwana ta wuni ba ta bushe ba, mu da muka saba da Gumel inda kafin ka gama alwala rigar ta ƙame. Rabin laifin na garin ne, don ruwan da ke sauka can a shekara ya kan haura milimita 2,000, fiye da ninkin namu sau biyu, damina tun Afrilu har Oktoba, sai ɗan ɗaukewa da yake yi a Agusta lokacin da mu nan ruwanmu ke kan ganiyarsa. Zafinsu ba ya ƙona fata irin na bazararmu amma yana manne wa mutum kamar an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo. Ɗaya rabin kuwa na mai gidan ne, ai ana iya fito da katifu ranar da rana ta leƙo, ba a yi. Sauro kuma kar ma a yi magana, ka tafi da gidan sauronka.

Abinci ba laifi. Wata baiwar Allah ce 'yar wajen Haɗejia ke dafawa, tuwon shinkafa miyar kuka, wake da shinkafa da manja, naman kuma yankan musulmi. Tana yin miyarsu ta can mai ganyen ugu da akpu, wato tuwonsu na rogo, ga mai son gwadawa, ni dai akpun nan warinsa ya hana ni sakewa, abokin tafiyata kuwa har ƙari ya nema.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake cewa a je. Akwai wani dattijo Inyamuri da ke hulɗa da masaukin, yana da keke napep da ɗansa ke tuƙawa, in ka biya sai su zaga da kai gari na rabin yini. A Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar Bakano, yana yaro suka gudu a jirgin ƙasa lokacin kashe-kashen 1966. Kowa Baba yake ce masa, shi kuma ya ce maka ɗana.

Daga tashar jirgin ƙasa yake farawa, don a cewarsa dogo ne ya haifi garin, kuma haka ne, layin da Turawa suka shimfiɗa daga Fatakwal zuwa Inugu don ɗebo kwal, wanda ya isa can a 1916, shi ya bi ta ƙauyukan Ibeku aka yi tasha, 'yan kasuwar manja da ƙwarar kwakwa suka taru. Daga baya shanun Arewa suka riƙa sauka nan ta jirgi, har garin ya zama babbar kasuwar shanu ta Gabas, wato kakanninmu da ke lodi a Malam Madori da Nguru sun riga mu sanin hanya. Ya kan nuna maka cewa Janar Ironsi ɗan nan ne, Michael Okpara firimiyan Gabas shi ma ɗan nan ne, sai ya yi dariya ya ce ai mu da ku tagwaye ne, don ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri Jigawa da Abiya tare, Dutse da Umuahia rana ɗaya suka zama hedikwata. Kuma Babangidan da ya sa hannu a takardar, a Uzuakoli nan kusa aka harbe shi ya ji rauni a 1969 yana jagorantar bataliya a kan hanyar kama Umuahia.

Daga nan sai gidan tarihin yaƙi. An ayyana Biyafara 30 ga Mayu 1967, aka fara harbi a Yuli, Inugu ta faɗi a Oktoba, sai Ojukwu, shugaban Biyafara, ya dawo da gwamnatinsa Umuahia, ta zauna nan har Afrilu 1969 da runduna ta ɗaya ta Mohammed Shuwa ta shigo, suka koma Owerri. A filin gidan za ka ga motocin sulke da suka ƙera da hannu daga tarkacen tarakta da manyan motoci, da bam ɗinsu ogbunigwe, da jirage na ɓangarorin biyu, da ramin ƙarƙashin ƙasa inda rediyon Biyafara ke watsa labarai. A wata unguwa daban kuma akwai ramin da Ojukwu kansa ya mayar ofis, ka sauka matakala ka ga ɗakuna a ƙasa. Ojukwun nan fa shi ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano a Janairun 1966, da yawanmu ba mu san wannan ba.

Ƙarafan ba su suka tsaya min ba, labarin yunwar ne. Mu a ƙauye mun taso muna jin yaƙin daga bakin tsofaffin soja, waɗanda aka ɗiba suna samari suka dawo da tabo da labarin daji da ruwan sama da harsashi, kuma gaskiya suka faɗa, sun sha wuya, wasu ba su dawo ba. Amma ba wanda ya taɓa ba ni labarin yadda gishiri ya zama kamar ba a taɓa halittarsa ba, yara cikinsu ya kumbura gashi ya yi ja, mutane na farautar ɓera da ƙadangare, jiragen agaji na sauka filin jirgin Uli da daddare ba fitila. An toshe hanyoyin ruwa da na ƙasa, gwamnatin tarayya ta canja kuɗi a farkon 1968 na hannunsu ya zama takarda, bayan an gama a 15 ga Janairu 1970 kuma fam 20 aka ba masu ajiya a banki da yawa komai yawan abin da suka tara. Mutum miliyan ɗaya ko fiye aka fi ambata sun mutu, akasarinsu yunwa ce. Baba yana faɗar wannan ba ɗaga murya, ba zagin kowa, har ya kawo labarin maƙwabcinsu Bahaushe da ya ɓoye su a soro kafin su samu jirgi.

Inda zan rage masa maki, yana da ɓangare, ba ya ɓoyewa. Juyin mulkin Janairu 1966 da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari a gurguje yake wuce shi, sai ka tsare shi da tambaya sannan ya tsaya, in ya tsaya kuma yana amsawa tsakani da Allah. Sannan ba ya kula da lokaci, in ya kama zance azahar za ta iya wuce ku a hanya, sai ka tuna masa.

Shawarata ga wanda zai je, ya bari sai Disamba ko Janairu lokacin da ɗan hunturu ke leƙa su, ɗakin ya bushe hanya ta yi kyau. A yi ciniki da Baba tun daren, kuɗin shiga gidan tarihi daban yake ba ya cikin nasa, a fita da sassafe, kuma Litinin a zauna a masauki don lokacin da na je wasu wurare a yankin ba sa buɗewa sosai a ranar saboda zaman gida da masu fafutukar Biyafara suka kira. Wanda zai kai iyali ya nemi ɗakunan baya, na gaba suna jikin janareto.