Shagon askin da ɗana ya fara zama a kujera da kansa

Shagon ƙarami ne, kujera biyu da benci ɗaya, a wani layi da ke bayan titin Zoo Road a Kano. Ba shi da kyallin da zai ja idon mai wucewa. Na rubuta wannan ne domin iyayen yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, don na san abin da ranar aski take nufi a gidajenmu.

Ɗana yana shekara 5 likita ya tabbatar mana da lalurar, bayan mun daɗe muna jin ra'ayoyin dangi, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sangarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, don haka a unguwa kamar tamu ba mu kaɗai ba ne, sai dai kowa ya rufe ƙofarsa yana fama. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda jikin irin waɗannan yara yake karɓar sauti da taɓawa. Ƙarar kilifa da ni da kai ba mu ma lura da ita ba, shi tana shiga masa har ƙashin kai. Ga rawar injin a ƙeya, ga guntayen gashi a wuya, ga zanen da ake ɗaure maƙogwaro da shi, ga warin sifirit, sannan ga baƙo yana taɓa shi ta baya inda ba ya gani. Duk a lokaci guda. Shekaru muka yi ana danne shi, ni na riƙe hannu, yayansa ya riƙe ƙafa, a yi masa ƙwal-kwabo cikin gaggawa yana ihu. Bayan kowane aski sai ya ƙi cin abinci, ya ƙi yarda in matso kusa da shi. Wannan ƙin yardar ya fi komai ci mini rai.

Wani maƙwabci ne ya nuna mini shagon. Mai shagon matashi ne, bai yi wani karatu a kan lalurar ba, amma da na yi masa bayani bai katse ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Baba, ku zo da safe kafin mutane su taru, kuma kada ku sa rai za a yi askin a ranar."

Haka kuwa aka yi. Zuwan farko bai taɓa kansa ba. Ya kashe talabijin, ya rage fanka, ya miƙa masa kilifa a kashe ya ce ya riƙe. Daga baya ya kunna ta a tafin hannunsa shi mai shagon, sannan a bayan hannun yaron, sannan a dantse. A hankali ake matsowa sama, mako bayan mako. Kilifar mai caji ce, ba ta da ƙarar irin masu waya, kuma ba ta buƙatar a tada janareta idan an ɗauke wuta, wanda shi kaɗai ya isa ya tarwatsa komai. Ya daina ɗaura masa zane, muka riƙa zuwa da tsohuwar riga da za a cire a kakkaɓe. Ya bar sifirit da hoda, yana goge masa wuya da tawul da ruwan ɗumi. Kuma suka yi wata yarjejeniya tsakaninsu: in yaron ya ɗaga hannu, inji ya tsaya nan take, ko da rabin kai aka yi. Akwai ranar da muka koma gida da rabin aski, da hula muka rufe. Ban ji haushi ba ko kaɗan, domin a ranar ne yaron ya gane cewa hannunsa yana da iko, daga nan tsoron ya fara sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai taɓa canza tsari ba. Gefen dama, gefen hagu, tsakiya, ƙeya a ƙarshe, kuma yana faɗin kowanne kafin ya taɓa: "Yallaɓai, saura bayan kunne." Masu wannan lalura suna samun natsuwa idan sun san abin da zai biyo baya, kuma shi ya gano haka da kansa ta hanyar lura. Yana kuma ƙona bakin kilifa kafin kowane kai, a gaban idonka, abin da ke da muhimmanci ga mai gudun makero da ƙurajen ƙeya.

Akwai inda shagon ya gaza, kuma dole in faɗa. Zafi yake da shi ƙwarai a watan Afrilu da Mayu. Babu banɗaki. Maƙwabcinsa mai walda ne, in ya fara aiki an gama magana. Yaron shagon da ke riƙe kujera ta biyu bai da wannan haƙurin, don haka in ogan ba ya nan, ku juya kawai. Shi ma ogan wani lokaci yakan saɓa lokacin da ya ba ka, kuma jira abu ne mai wuya ga yaranmu. Kuɗin askinsa daidai yake da na sauran shagunan layin, bai taɓa ƙara ko sisi ba don yaron yana cin lokacin kai uku, ni nake ƙara masa da kaina.

Wata rana wani mai jiran layi ya ce a kai yaron a yi masa ruƙiyya. Kafin in buɗe baki mai shagon ya ce, "Alhaji, lafiyarsa ƙalau, ƙara ce ba ya so." Ya ci gaba da aikinsa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar gyara gine-gine domin kowa ya iya shiga, kuma abu ne mai kyau. Amma kashe talabijin saboda yaro ɗaya da tare masa faɗa a gaban kwastoma, wannan daga zuciyar mutum yake fitowa.

Yanzu ɗana yana shekara 15. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ya zama sana'arsa. Bayan makaranta yakan je shagon ya kwance kilifofi, ya wanke, ya sa mai, ya daidaita baki. Da jin ƙarar inji yake sanin bakin ya karkace, tun kafin a duba, har masu aski na wasu layukan sun fara aiko da nasu. 'Yan uwa kan turo mini labarin Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, matashin Najeriya mai wannan lalura da ya shiga kundin Guinness da zanen da ya haura murabba'in mita 12,000, wanda aka baje a dandalin Eagle Square da ke Abuja ranar 2 ga Afrilu, 2025. Ina taya iyayensa murna da zuciya ɗaya. Nawa kuma yana kawo wa mahaifiyarsa kuɗin da ya samu da hannunsa, yana kiran mai shagon Kawu, shi da a da ba ya kiran kowa da suna.

Ga mai son gwadawa, a wannan shagon ko wani: je kai kaɗai tukuna ka yi wa mai askin bayani, ka dubi yadda yake sauraro. Ka zaɓi safiyar Talata ko Laraba. Ka tafi da rigar canji da abin da yaron yake son riƙewa. Ranar Juma'a da jajibirin Sallah kuwa kada ma ka fara, ka yi askin Sallar tun saura mako guda.