Tsohon Kabad na Gwanjo a Maraɗi: Wanne Ya Cancanci a Saya a Yi Masa Fenti?

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da suke tahowa daga tashar Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuma duk wadda ta shiga kasuwa neman sif ko kabad ta ji abin a jikinta. Shi ya sa mata da yawa a Maraɗi suka koma ga gwanjo: a sayi tsohon kabad, a goge, a yi masa fenti, a jera kwalla da samira a ciki ko a adana tufafi. Kayan kuwa ba su ƙarewa. Ma'aikacin da aka mayar Yamai ko Damagaram ba zai ɗauki katon sif a mota ba, ofis ya tashi, aure ya mutu an kwaso kayan ɗaki, uwa ta rasu magada sun rasa inda za su kai kabad ɗinta. Wasu suna fitowa kasuwa ran Litinin da Juma'a, amma mafi kyawunsu a hannun dillalai mata suke, masu shiga gida gida daga Bagalam zuwa Zariya da Ali Ɗan Sofo.

Ni dai ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: ki nemi tsohon kabad na jan katako, irin wanda kafintocin garin nan suka yi wa iyayenmu, ko da ya yi baƙi, ko da ƙofa ɗaya ta karkace, ko da gilashinsa ya fashe. Muninsa ma riba ce gare ki, don shi ke karya masa kuɗi.

Dalilin yana cikin katakon. Abin da 'yan katako ke kira ja yawanci maɗaci ne da danginsa, wani lokaci loko, waɗanda ake shigowa da su daga kudu ta Jibiya da Ɗan Isa. Itace ne mai nauyi, mai riƙe ƙusa da sukuru, kuma wanda ya shekara ashirin ko talatin a ɗaki ya riga ya gama mafi yawan motsin da zai yi. Ya sha zafin Afrilu da Mayu, ya sha laimar Agusta, ya sha bushewar hunturu, ya zauna. Sabon katako kuwa ɗanye ake yanko shi daga ƙasar ruwa a kawo shi nan inda iska ke tsotse komai, sai ki ga kabad ɗin da aka yi miki a damina ya buɗe baki a Fabrairu har ɗan yatsa na shiga tsakanin alluna. Tsohon ba ya yin haka. Sannan kafintocin da suna huda katako su cusa wani cikin wani, su sa gam, su buga turaku na itace. Ba ƙusa kaɗai suka dogara da ita ba. Irin wannan haɗin in ya saki, kafinta zai ware shi, ya kankare tsohon gam, ya mayar, ya ɗaure da igiya ko maƙala ya kwana, shi ke nan. Kuma jan katako yana jure samfefa. Ki kankare shi bana ki yi masa shuɗi, bayan shekara biyar kin gaji ki sake kankarewa ki yi masa ruwan madara, bai san an yi ba. Ƙofar da ta karkace galibi hinji ne ya gaji ko ramin sukuru ya faɗaɗa, kuma wannan gyaran tsinken ashana da gam ne. Bayan kabad ɗin, wanda filawud ne siriri, shi ne ke fara lalacewa, shi ne kuma mafi saukin canzawa. Kada ruɓaɓɓen baya ya hana ki sayen jiki mai lafiya, ki dai yi amfani da shi wajen rage kuɗi.

Wanda zan iya ajiyewa kusa da na jan katako guda ne kawai, wato kabad ɗin ƙarfe irin na ofisoshi da makarantu. Gara ba ta cinsa, ɓera ba ya huda shi, yana da makulli, don haka ga ɗakin ajiya inda ake sa shinkafa, sukari, taliya da mai, ya fi katako. Ki kwantar da shi ki dubi ƙasansa, nan tsatsa ke farawa saboda ruwan shara da wanke daɓe. In tsatsar ta sama ce, burushin ƙarfe da jan fentin nan na hana tsatsa sun isa kafin a sa launi. In ta huda, sai mai walda, kuma sai ki ƙara kuɗinsa a lissafi. Abin da ya sa ban sa shi a gaba ba: yana ƙara, bakinsa na yankar yara, a ɗakin kwano yana ɗaukar zafi, kuma ko wane launi kika shafa masa ofis ofis yake kallon mutum.

Na dusa kuwa, wato garin katakon da aka danne da gam aka lulluɓe da takarda mai sheƙi, irin da ke cika kantuna da sunan na Dubai ko na Turkiyya, kada ki saye shi na hannu ko kyauta-kyauta aka ce: ruwa ya taɓa ƙafarsa ya kumbura, an kwance shi sau ɗaya sukuru ba ya sake kamawa, fenti kuma ba ya zama a kan sheƙin. Farin katako abincin gunda ne. Mataccen firij da wasu ke mayarwa kabad yana wari, kuma yaro na iya shiga ƙofa ta rufe da shi. Adaka tana nan da amfaninta ga zannuwan da ba a taɓawa sai biki, amma abin da kike buɗewa kullum ba a tara shi a akwati.

To, sanin abin da za a saya ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce masu sayarwa sun san jan katako ake nema. An taɓa sayar mini da wani kabad mai ƙofa uku, ja wur, yana ƙyalli, dillalin na rantsuwa yana cewa, "Hajiya, wannan ai na gidan manya ne, irinsa ba ya zuwa kasuwa." Kafin damina ta fita wani gari mai laushi ya fara taruwa a ƙarƙashinsa kowace safiya. Da kafinta ya kankare, sai ga farin katako an shafe shi da jan ruwa an bi da baranish, ramukan gunda kuma an cike su da foti ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci wa wani yini guda. Gundar ba ta tsaya a kabad ɗin ba, sai da ta taɓa ƙafar gado. Tun daga nan duk abin gwanjon da na ga an yi wa sabon fenti ko sabon baranish, sai in tambayi kaina me ake rufewa. Mai tsohon kaya na gaskiya ba ya kashe kuɗin fenti kafin ya sayar.

Don haka ki tafi da ƙaramar wuƙa ko sukudireba, kuma ki tafi da rana tsaka. Ki sa a fito da kabad ɗin waje, a kwantar. Ki kankari wurin da ido ba ya kaiwa, ƙasan shanta ko cikin ƙafa: jan katako ja ne har ciki, na rini kuwa ƙaramin kankara zai nuna miki fari. Ki ɗaga gefe ɗaya ki ji nauyi. Ki ƙwanƙwasa ƙafafu da ƙasan jiki da gindin wuƙa. Inda gara ta ci ta ciki takan bar fatar sama lafiya lau, amma sautin fanko ne, kuma bakin wuƙa zai nutse da ɗan dannawa. Ki dubi baya ko akwai layin ƙasa busasshe da aka kankare, hanyar gara ce. Ko a jan katakon ma akwai gefen allo mai haske, wanda ya fito daga kusa da ɓawon itace, kuma nan ƙwari ke fara ci, don haka kada jin "ja ne" ya sa ki daina dubawa. Wata dabarar ita ce a yi fuska da ƙofofi da jan katako na gaske, gefe da shantoci da fari, a rine su launi ɗaya. Wata kuma a manna fomaika a kan dusa, a zagaye baki da siririn katako, ki taɓa bakin ki ce itace ne. Ki ciro durowa gaba ɗaya ki dubi bayanta, nan ba a damuwa a ɓoye. In mai kaya ya ce, "Haba Hajiya, za ki ɓata mini kaya," ki yi masa sallama cikin mutunci ki wuce. In dillaliya ce kuma kun saba, ki roƙi a bar kabad ɗin ya kwana a kan baƙar leda. In da safe kika ga gari a kan ledar, alamar gunda ce.

Sai kuɗin cizo, wanda ba a cika faɗa ba don kunya. Duk abin da ya fito daga ɗakin kwana ki leƙa lungunansa da fitila: ɗigo-ɗigon baƙi a mahaɗar katako da bayan hinji alamarsa ce. Kada ya shiga ɗaki kai tsaye. A ciccire durowoyi, a naɗe shi da baƙar leda a bar shi a rana kwanaki; zafin da ya kai digiri 50 yana kashe su har ƙwai, kuma ranar bazara a Maraɗi cikin leda tana kai wa nan, sai dai lungun da ke ƙasa ba ya samun zafin, sai an juya.

Algus bai tsaya a kabad ba, yana cikin gwangwanin fenti ma. Ana tsinka fentin mai da kananzir a mayar cikin gwangwani mai suna a rufe. Irinsa yana shafuwa da daɗi, amma ba ya rufe launin da ke ƙarƙashinsa, kuma sati guda yana danƙo yana kama ƙura. Ki dubi bakin murfi ko an taɓa ɓalle shi, ki sa a buɗe a gabanki a juya da sanda: fenti mai kyau yana da kauri, yana bin sanda a hankali, warinsa ba na fitila ba ne. Kuma ki sayi fentin da hannunki ki kai wa mai aiki. In kika ba da kuɗi, sau da yawa rabi fenti ne rabi tina, ruwan tsinka fenti, a shafa hannu ɗaya a ce biyu ne.

A kan nau'in fenti, na mai nake so ga kabad, don yana goguwa da tsumma mai laima. Na ruwa irin na bango araha ne, amma araha ba ta ado: hannun yara da maiƙo za su zauna masa daram. Na feshi irin na masu fentin mota ya fi kowanne santsi, ya dace da kabad ɗin ƙarfe, sai dai gyaran ƙujewarsa sai an koma gareji. A kan katako, a fara da samfefa lamba 80 a cire tsohon baranish, a bi da 120, a shafa maganin gara marar launi a bar shi ya bushe sosai, a sa fentin ƙasa, wato na shimfiɗa da ake fara shafawa kafin launi, a ɗan goga da 220, sannan launi hannu biyu sirara, da kwana ɗaya a tsakani. Kada ki yarda a shafa baƙin man inji da sunan maganin gara, yadda ake yi wa katakon rufi. Zai ratso fenti ya yi tabo, tufafi kuma su kwashi wari. Cikin kabad ɗin tufafi ko abinci ma ban cika son fentin mai ba, warinsa na daɗewa a rufaffen wuri. A goge a bar shi, ko a shimfiɗa leda.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: tsohon fenti, musamman ja da rawaya da jan fentin ƙarfe na da, yana iya ƙunsar dalma. Mun ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu, ko da yake can daga dakan dutsen zinariya ne. Ƙurar kankarar fenti ma hanya ce. A yi aikin a waje nesa da madafa, a jiƙa samfefa, mai yi ya rufe hanci, a kori yara, mai ciki ma ta kauce, a kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Lokacin yi ma yana da tasiri. A hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti, a Agusta ba ya bushewa da wuri. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauka, a inuwa, da safe. In a rani aka gyara ƙofofi, ki ce wa kafinta ya bar ɗan sarari, don katako na kumbura a damina, fenti ma ya ƙara masa kauri. Kada ki kai aiki gab da Sallah ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Kabad ɗinki zai zauna a ƙofar shago rana na dukansa, ana ce miki "gobe in sha Allah". Kuɗin aiki kuma kashi uku: kaɗan a farko, wani bayan kin zo kin ga katakon tsirara kafin a sa fentin ƙasa, sauran ran da aka kawo.

In ya iso gida, a ɗora ƙafafunsa a kan gutsuren tayil ko bulo, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, musamman a ginin ƙasa, don ki riƙa ganin hanyar gara tun tana farawa. Dogo kuma a ɗaure shi da bango ta sama, saboda yara na taka durowa su hau. Ki ba fentin kamar mako biyu ya yi ƙarfi kafin ki jera kwalla, in ba haka ba gindin kowace sai ya bar zobe a kan shanta.