Shekara ɗaya da na'urar CPAP, da daren da giya ta ɓata mata aiki

Matata ce ta gano ciwon tsayuwar numfashi cikin barci da nake fama da shi, ba ni ba. Minsharina ta daɗe da sabawa da shi. Abin da ke hana ta runtsawa shi ne shirun da ke biyo baya: ina cikin jan minshari sai ta ji tsit, ƙirjina yana motsi amma iska ba ta wucewa, ta yi ta ƙirge a zuci har sai na yi wani gurnani na farfaɗo. Ni ban san ana yi ba. Iyakar abin da na sani, in tashi da ciwon kai da bushewar baki, in wuni ina gyangyaɗi a wurin aiki. Ranar da barci ya fizge ni ina tuƙi a gangaren Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, daga ranar na daina musu.

A wani asibiti a Abuja aka yi mini gwajin barci. Likita ya ce duk lokacin da numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na daƙiƙa 10 ko fiye, ana ƙirga shi. Ƙasa da sau 5 a awa ba damuwa, daga 5 zuwa 15 ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 kuwa mai tsanani. Nawa ya haura 30. Nan aka rubuta mini CPAP, na'urar da ke hana numfashi tsayawa lokacin barci.

Girmanta bai wuce ƙaramar rediyo ba. Tana da bututu mai laushi da takunkumin da ake ɗaurawa a fuska. Mutane da yawa in sun gan ta a gefen gadona sai su ɗauka iskar oksijin ce irin ta asibiti. A'a, iskar ɗaki take zuƙa, ta tace, ta turo da ɗan ƙarfi don maƙogwaro kada ya rufe idan tsokokinsa sun saki. Wani likita ne a Sidni ta Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da wannan dabara a 1981. Tawa irin mai daidaita kanta ce, ma'aunin ƙarfin iskarta daga 4 zuwa 20, tana ƙara ƙarfi in ta ji hanya na neman toshewa.

Makonni biyun farko na sha wuya, har takunkumin ya yi mini shata a karan hanci. Daga baya na saba. Safiyar da na fara tashi kaina wasai, ba nauyi ba ciwo, sai da na zauna a bakin gado na yi wa Allah godiya, don na manta yadda barcin kirki yake. Na'urar ba ta da ƙara. A hunturun Jos matatarta takan yi ja da ƙura cikin 'yan kwanaki, dole a riƙa dubawa. In an ɗauke wuta kuma ina kan inbata, nakan kashe abin ɗumama ruwan tankinta mai sa wa iskar danshi, don shi ne ke shanye batir.

To, sai maganar giya, wadda saboda ita na zauna rubuta wannan. Ni Kirista ne, kuma ba mashayi ba ne, amma a wurin biki nakan sha kwalba ɗaya ko biyu. Likita ya tambaye ni, "Yallaɓai, ana ɗan taɓawa?" Na ce kaɗan. Ya ce barin ta ya fi, in kuwa ban bari ba, in bar tazarar awa uku zuwa huɗu kafin kwanciya. Na gyaɗa kai, amma a raina cewa nake, ai yanzu akwai na'ura, ita za ta riƙe mini numfashin. Wannan tunani shi ne ya fi komai haɗari a duk tafiyar nan.

Daren Kirsimeti muka je gaisuwa ƙauye. Aka kawo burukutu a ƙwarya, aka bi da ta kwalba, hira ta yi daɗi har sha ɗaya ta gota. Ƙanena ne ya tuƙo mu gida. Na tuna na ɗaura takunkumi na kwanta. Da gari ya waye na same shi a ƙasa, na'urar kuma na nuna awa uku kacal na yi da ita maimakon bakwai da na saba. Lambar da ke nuna sau nawa numfashi ya tsaya a awa, wadda kullum ke tsayawa a 2 ko 3, ta wuce 10, alamar yoyon iska ta yi ja. Harshena kamar busasshiyar fata. Matata na zaune da idanu jajur. Ta ce, "Baban yara, jiya fa ka koma gidan jiya. Sau biyu ina mayar maka da abin nan kana fizgewa, har asuba ina juya ka kan gefenka." Ban tuna ko ɗaya ba. Wannan rashin tunawar ita ta fi tayar mini da hankali.

Da na koma wurin likita ya warware mini yadda abin yake. Giya tana ƙara sakin tsokar harshe da ta maƙogwaro, wato ainihin wurin da ciwon yake. Sannan tana dakushe ƙwaƙwalwa, wadda ita ce ke zaburar da mutum ya ja numfashi in iska ta yi ƙaranci a jini, sai tsayuwar numfashin ta ƙara tsawo. Tana kumbura cikin hanci ya toshe, mutum ya hangame baki, iskar da na'ura ke turowa ta hanci ta zurare ta baki. Ga yawan fitsari: ka tashi cikin magagi, ka cire takunkumi, ka dawo ka faɗi a gado ba ka mayar ba. Wanda kuma takunkuminsa ya rufe hanci da baki, in amai ya taso masa cikin maye, yana iya shaƙar sa zuwa huhu.

Ban ga laifin na'urar ba. Akwai ranar da na sha kwalba ɗaya da yamma tare da abinci, na kwanta bayan awa biyar, da safe na ga ta ɗan ƙara ƙarfin iska, lambar kuma ba ta wani motsa ba. Tana iya bakin ƙoƙarinta, amma ba ta da hannun da za ta mayar maka da takunkumi. Kuma kada wani ya ce tunda ya sha, bari yau ya kwana ba ita. Daren da aka sha shi ne daren da aka fi buƙatarta.

'Yan'uwana Musulmi da ba ruwansu da giya, maganar ta shafe ku ta wata fuskar. Ƙwayar sa barci, tiramol, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018, duk suna danne numfashi lokacin barci. Duk abin da kake sha, gaya wa likitanka tsakani da Allah kafin a saita maka na'ura.

Tana da tsada, ga sauya takunkumi da matatar iska lokaci zuwa lokaci, amma da za a ce in sake saye, ba zan yi jinkiri ba. Sai dai a fara yin gwajin barci, kada a sayo a ɗaura da ka. Ni dai tun daga waccan Kirsimeti ban ƙara shan komai bayan magariba ba, kuma a bikin Ista da ya wuce zoɓo na riƙe har aka tashi. Da safe lambar ta nuna 2, awa bakwai da minti ashirin, matata kuma ba ta farka ba sai da na tashe ta.