Matakalar hawa jirgi a kan remok: wace za ka saya, wace za ka bari

Duk wanda ya taɓa sauke jirgin ruwa daga remok, wato tirelar da mota ke jan jirgi a kanta, shi kaɗai a bakin kogin Isa ya san inda wahalar take. Tuƙi da baya kam da sannu hannu ke faɗawa. Abin da ba a sabawa da shi shi ne lokacin da tayoyin remok suka shiga ruwa, kai kuma dole ka taka wuyan ƙarfen nan da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ka kwance igiya, ka kama hancin jirgi ka ɗaga ƙafa ka faɗa ciki. Ni a wajen unguwar Gudel ta Yamai na ci nawa rabon, wata safiya cikin sanyin Janairu ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya cika kogi, silifas ɗina ya kwashi laka, ina taka ƙarfen sai ji na yi ƙafa ta tafi, ƙwabrina ya daki gefe, na zauna cikin ruwa har ƙirji da waya a aljihu. Yaran da ke wanki a wurin suna ta "sannu Alhaji, sannu Alhaji" suna danne dariya. Wayar dai ba ta sake tashi ba.

Daga ranar na shiga neman matakala, kuma tunda na zagaya na ga iri-iri bari in faɗa muku abin da na gani, ko wani ya huta da asarar kuɗɗi.

Mafi arha ita ce 'yar taka ɗaya, wani faffaɗan ƙarfe ne kawai da ake ɗaurawa a wuyan remok da bulon mai lanƙwasa kamar U, irin wanda ke ɗaure sifirin ɗin mota. Ba huji ba walda, minti kaɗan ka gama. In jirginka ƙarami ne kuma hancinsa bai yi sama sosai ba, ta isa ka tsaya da ƙafa biyu ka naɗe igiya hankali kwance. Amma ba za ta kai ka cikin jirgi ba, har yanzu sai ka yi wannan ɗaga ƙafar da ke yaga wando, kuma ba abin kamawa. Ga matashi ba laifi. Ga mai tumbi irina ko dattijo mai ciwon gwiwa, rabin magani ce.

Sai ta kanti da ake yo oda daga waje, mai taka 2 zuwa 4 da doguwar sanda ta riƙewa a gefe. Wallahi tana da kyau, yawanci alminiyom ce ko ƙarfe mai galba, wato rufin da ke hana tsatsa, ba nauyi, an yi mata kaushi a wurin takawa, wasu ma ana juya su ko a ninke in an gama. Matsalarta biyu. Ta farko awo: masu yin ta a Amurka da inci suke aiki, wuyan remok ɗinsu yawanci inci 3 ne faɗi, wato kusan santimita 7 da rabi, namu kuwa da yawa a garejin unguwa aka haɗa su da duk ƙarfen da ya samu, sai kaya ya iso ka ga bulon ɗin bai rungumi wuyan ba ko ya yi mishi yawa yana lilo. Ta biyu jira da kuɗin ɗauko, tun 2023 da hanyar Kwatano ta rufe kaya sai sun zagayo, ƙarfe kuma ba wasiƙa ba ne da za ka ce wani ya saƙo maka a jaka. Ka ƙara da cewa in alminiyom ya tsage ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba, sai mai injin argon, su kuma sai ka nema. In dai ka nace sai ita, ka auna faɗi da tsayin wuyan remok ɗinka da mita kafin ka tura ko dala, ka duba kilo nawa aka rubuta tana ɗauka, kuma ka tuna ba kai kaɗai za ta ɗauka ba, da jarkar esansi a hannunka za ka hau.

Ta ukku, wadda nake ganin ta fi dacewa da mu a Yamai, ita ce ka je kasuwar Katako ka sayi ƙarfenka da kanka ka kai ma mai walda ya ƙera maka daidai jirginka. A nan ne nake so ku saurara da kyau don nan ake yin kuskure. Mai walda da ka nuna mishi remok abin da zai fara ce maka shi ne a liƙa ta kai tsaye. Nawa ma haka ya ce, "Maigida bari in kama ta da wuta a jikin wuyan, har abada ba ta motsi." Na ce a'a Malam, ka yi mini ita daban, ka sa mata faranti sama da ƙasa mu matse da bulon. Ya dube ni kamar na raina sana'arsa. Dalilina kuwa, wuyan nan shi ke ɗauke da duk jan da mota ke yi, wuta tana canza ƙarfe a wurin da ta taɓa, kuma gefen walda nan ne tsagewa ke fara fitowa in an sha gargada. In remok ɗin mai galba ne ma abin ya fi muni, wutar za ta ƙone rufin da ke hana tsatsa, hayaƙin da ke tashi kuma yana sa zazzaɓi ga wanda ya shaƙa. Huji ma haka, kowane rami ƙofa ce ka buɗe ma ruwa ya shiga cikin ƙarfe. Wadda aka matse da bulon kuwa in ka ga ta yi gaba da yawa sai ka sassauta ka ja ta baya, ranar da ka canza jirgi ka kwance abarka.

Wurin takawa kar ka yarda a sa maka tol, wato fallen ƙarfe, mai sulɓi ko da an ce za a yi mata fenti mai kyau. Ko tol mai ƙuraje, ko mafi kyau ragar ƙarfe mai hudoji, don lakar kogin nan tamu in ta kwanta kan tol sabulu ce, a raga kuwa zubewa take yi ƙasa. Wanda ya san watan Mayu da Yuni lokacin da ruwa ya ja baya sai ka taka taɓo kafin ka kai remok, ya san abin da nake nufi. Tsakanin taka da taka santimita 25 zuwa 30 ya isa, in ya wuce haka ka koma gidan jiya.

Sandar riƙewa kuma, in kuɗinka ba su kai ga taka ukku ba gara ka yi biyu ka sa sanda. Ni ba rashin wurin taka ne ya kada ni ba, rashin abin kamawa ne. Ta zama ƙarfe mai kauri, ta wuce hancin jirgi a tsayi yadda hannunka na kanta har ƙafarka ta sauka ciki, ka girgiza ta da ƙarfi a gaban mai waldan, in ta yi rawa a sa mata tokara. Ka naɗe wurin kamun da igiya ko robar tiyub, wanda ya taɓa kama ƙarfen da ya wuni a ranar Afrilu ba sai an yi mishi bayani ba.

Maganar inox, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da wasu ke ta zugawa, ni ban ga dalilin kashe kuɗin ba. Kogin Isa ruwan daɗi ne ba na gishiri ba, haka masu zuwa tabkin Tabalak ta wajen Tawa, baƙin ƙarfe da aka shafa ma antiruy, maganin tsatsa, kafin fenti zai yi shekaru in kana sabunta shi bayan damina. Abin da za ka kiyaye shi ne in ka haɗa alminiyom da baƙin ƙarfe ka sa roba tsakaninsu, in suna jiƙa tare alminiyom ɗin ne ke cinyewa.

Akwai masu taka murfin taya su hau ta gefe. In an ƙera shi da kauri da tokara a ƙasa to, in kuwa siririn tol ne zai lotsa ya riƙa gugar taya. Kuma duk matakalar da ke bayan tayoyi kar ka hau ta remok ba ya ɗaure da mota, gaban zai ɗaga sama da kai. Masu aza akwatin lemo ko bokiti a cikin ruwa su taka kuwa, Allah ya kiyaye kawai zan ce.

Kafin a matse bulon na ƙarshe ka ɗaura remok a mota, ka sa wani ya tsaya yana kallo, ka karya kan mota har ƙarshe dama da hagu da baya, a ga ko matakalar ko sandar za ta taɓa bayan mota ko fitila. In Hilux ce ka sauke ƙofar baya ma ka gani, ni sai da muka ja tawa baya da kusan taƙi ɗaya don ƙofar na dukan sandar. Ka tabbata kuma hannun naɗe igiya na juyawa bai bugi komai ba. Noti ka sa mai roba a ciki ko ka sa biyu-biyu, don in ka bar kwalta ka gangara hanyar jar ƙasa zuwa ƙauyen Bubon ranar Laraba ta kasuwa, girgizar nan ba notin da ba ta kwancewa. Ni kullum da kile 17 ta matse noti a ƙarƙashin kujera, in mun isa bakin ruwa sai na bi su ɗaya-ɗaya kafin in bar kawuna ya hau, shi da yanzu har rige ni shiga jirgi yake da butar shayinsa a hannu.