Wata takwas da ƙaramar Yaris a gosulon Kano, ga yadda shan manta yake

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tsohuwar motata ta zame min kishiya, silinda shida ce, kullum da safe in na tayar da ita allurar tanki ce ke fara gaishe ni. Na daure na daure har lita ta taɓa dubu, a nan nace to ya isa haka, na sayar da ita na ɗauko Toyota Yaris 2008 tokumbo, injin 1.3, manuwal. Dilan har da rantsuwa, wai "Alhaji wannan ai ba ta shan mai, sansana shi kawai take yi". Ni kuma da yake an sha ni na warke sai nace bari in auna da kaina.

Yadda nake aunawa ba wani wahala, in cika tanki har famfo ya katse da kansa, in mayar da mitar tafiya sifili, in yi ta harkokina, ran da zan sake shan mai in koma gidan man nan dai, famfon nan dai, in cika, sai in raba kilomitar da na yi da litar da ta shiga. Kar ka yi da man dubu biyar biyar, ba za ka taɓa gane komai ba wallahi.

Hanyata kullum daga Hotoro ne, in ajiye yara makaranta in wuce Kantin Kwari, da yamma in dawo. Awon farko kilomita 9 a lita na samu. Raina ya ɓaci sosai, don ni a zuciyata 15 nake jira. Sai ga wani ɗaurin aure ya kai ni Zariya, mu huɗu a mota, na auna na ga ta haura 15 ba tare da na lallaɓa ta ba. Kenan motar ba ƙarya take ba, garin ne. Ka tsaya a danja minti biyu, ka matsa taku goma ɗan adaidaita ya shigo maka ka taka birki, ka koma giya ɗaya, injin na ta cin mai mita kuma ba ta motsi. Daga wajen Bata zuwa bakin kasuwa wata rana na fi minti ashirin ban shiga giya uku ba.

Amma duk da haka 9 ɗin bai kwanta min ba, na kai ta wajen bakanikena. Yana buɗe bonet ya yi dariya yace "Oga an cire mata tamostat, kuma an haɗa fanka dairek". Wai wani ne ya yi mata wannan gatan kafin ta zo hannuna don kar ta yi zafi a ƙasarmu. To matsalar, in babu tamostat ɗin, wato abin da ke hana ruwan injin zuwa lagireto har sai ya ɗumama, injin ba ya saurin ɗaukar ɗumin da yake buƙata, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara mai. Ga ni kuma tafiyata ta safe gajeruwa ce, kafin ta ɗumama na iso. Muka je Ƙofar Ruwa muka samo wani aka mayar, aka canza filogi da matatar iska wadda ƙurar hunturu ta toshe ta kamar an shafa mata siminti, mai faci kuma ya gwada tayoyi ya ga biyu iskarsu ta yi ƙasa, ni ban ma lura ba.

Bayan nan a cikin gari tana ba ni 11 zuwa 12 in ban kunna esi ba. In na kunna, musamman a zafin Afrilu da ba yadda za ka yi, tana saukowa wajen 10, kuma za ka ji ƙarfinta ya ragu a hawan gada, halin ƙaramin inji kenan. Tankinta lita 42 ne, yana kai ni kusan sati biyu.

Abin da ban so ba, kuloci a gosulo, ƙafar hagu ta san tana aiki. But ɗinta kuma buhun shinkafa ɗaya da kayan cefane ya cika, uwargida har yau tana min gori. Da damina in ruwa ya kwanta a layinmu sai na zagaya.

Maƙocina yana ta cewa in haɗa shi da dila zai sayi irinta, shi kuma ta Kurna yake bi kullum zuwa Dawanau. Nace masa ya bari sati mai zuwa in ba shi mukullin, ya cika tankin da kuɗinsa ya bi hanyar tasa tukuna.